Na yi dashen gashi a Istanbul, ga yadda kaina yake bayan wata 16

Tun ranar da na ɗora hotona ba hula a WhatsApp mutane suka dame ni da tambaya, har waɗanda muka yi shekaru ba mu gaisa ba sai ga saƙonsu, dan Allah ina ka yi, nawa ka kashe, akwai zafi? Shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai wuri ɗaya, mai daɗin da mara daɗin, don hoton da kuka gani ta gaba aka ɗauke shi, ba wanda ya ga ƙeyata. Sunan asibitin ba zan faɗa ba, kar ma a biyo ni ta bayan fage, domin irin su suna da yawa a garin kuma in na kama suna sai mutum ya guje su ya je ya faɗa hannun maƙwabcinsu mai irin tsarinsu. In maki kuke so, 3 cikin 5 zan ba su, kuma wallahi na daɗe ina juya abin a raina kafin in tsaya a kan ukun.

Ni sanƙo ya fara min ina shekara 26, ta gefen goshi biyu ya shigo, kafin in kai 33 gaba ta tafi, tsakiyar kai ma ta fara haske. Gado ne, mahaifinmu Allah ya jiƙansa haka yake, kawunnaina ma haka. Mutane za su ce ai kai Bahaushe ne, hula ta rufa maka asiri, eh ta rufa, amma ba da hula ake kwana ba, ba da ita ake zuwa filin ƙwallo ba, kuma duk wanda abin ya same shi da ƙuruciya ya san yadda mutum ke ji in yaro ɗan shekara 25 ya kira shi Baba a layin banki. Abin yana cin rai a hankali, ba kowa kake iya faɗa wa ba don za a ce ka cika son gayu.

Kafin komai sai da na tambayi malaminmu, don ina tsoron kar ya zama canza halittar Allah. Yace min malamai da yawa na wannan zamani sun halatta, saboda gashinka ne ake ɗaukowa daga wani wuri a mayar inda ya zube, gyaran aibi ne, ba ƙarin gashin wani ba wanda aka hana, ya kuma kawo min hadisin nan da ke Bukhari da Muslim na mutum uku daga Bani Isra'ila, kuturu da wanda gashin kansa ya zube da makaho, inda na biyun ya roƙi gashi mai kyau kuma aka ba shi. Hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren.

A Instagram na samu masu asibitin. Da ka danna talla ɗaya shikenan, kullum sai ka ga goma. Na tura musu hoto huɗu na kaina, ko minti 20 ba a yi ba wata ta amso ta WhatsApp tace likita ya duba, ina buƙatar giraft 4,500. Giraft shi ne ɗan mitsitsin guntun fata da ke ɗauke da saiwar gashi ɗaya zuwa huɗu, da shi suke lissafi. Kuɗi dala 2,300, a ciki har da otal kwana 3, da mota daga filin jirgi, da tafinta, da magunguna, da shamfu. Tikiti da biza ni na biya. Na tambaye ta ko sun saba da irin gashinmu na baƙar fata, ta turo min hoto uku na wasu 'yan Afirka, duka ta gaba, ni kuma a lokacin ban kawo komai a raina ba. Na sa rana, na tashi daga Abuja, awa 6 da wani abu muna Istanbul.

In dai karɓar baƙo ne gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Direba na tsaye da sunana a takarda, motar mai kyau, otal a unguwar Şişli tsaf-tsaf, abinci halal ba fargaba, masallaci kusa. Asibitin kansa ƙal-ƙal kamar ka ci tuwo a ƙasa, sun ɗibi jinina sun gwada ciwon hanta da HIV, sun auna hawan jini. Tafintan yaro ne mai ladabi, ya yi haƙuri da ni sosai. Duk makin da na ba su rabinsa daga nan ya fito.

Inda abin ya fara min wani iri shi ne ganin likita. Mu 6 ne aka tara a ranar, ni da Larabawa biyu da Turawa uku, kowa na jiran layi. Da aka kira ni likitan ya shafa kaina, yace ina mataki na 4 a ma'aunin Norwood, wato ma'aunin da suke raba sanƙon maza daga 1 zuwa 7, ya ɗauki alƙalami ya zana min layin goshi, ya miƙo min madubi yace ya yi? Nace ya yi. Bai sa wata na'ura ya ƙirga yawan gashin ƙeyata ba, bai tambaye ni ko jikina na yin tabo mai tudu ba, bai tambaye ni yadda sanƙon mahaifina ya ƙare ba. Minti 10 duka-duka. Na sake ganinsa sau ɗaya a ɗakin aiki ya leƙo ya yi magana da ma'aikatan da Turkanci ya fita, daga nan har na bar ƙasar ban ƙara sa shi a ido ba. Waɗanda suka yi min aikin daga farko har ƙarshe 'yan mata biyu ne da saurayi ɗaya, masu taimaka wa likita ne ba likitoci ba, kuma a WhatsApp ba haka aka faɗa min ba. Akwai ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana jan kunne a kan wannan ɗabi'ar ta barin wanda ba likita ba ya huda fatar mutum, daga baya na zo na karanta.

Aikin da aka yi min shi ake kira FUE, ba a yanko fata kamar tsohuwar hanyar FUT da ke barin dogon tabo a ƙeya, ana sa wani ɗan ƙarfe ne mai rami da bai kai ko ya kai milimita 1 ba a huda a zaro saiwar ɗaya bayan ɗaya. Suka aske ni tal-kwabo, na kwanta rub da ciki. Masu tambayar zafi, allurar kashe wurin ita ce zafin, kuma ba ɗaya ba ce, an zagaye kai da ita, na riƙe gefen gado ina salati hawaye na fita da kansu, amma minti 10 zuwa 15 ne ya wuce. Bayan nan ba ka jin zafi sai ƙarar injin a cikin ƙoƙon kanka, ƙirrr ƙirrr, awa 3 ana yi. Aka ba ni abinci, sannan aka tsattsaga ƙananan ramuka a gaba, aka shiga dasawa. Mun fara ƙarfe 8 na safe ban fito ba sai bayan magariba. A tsakiyar cirewar na ji saurayin yana tsaki yana magana da sauri, na tambayi tafinta lafiya? yace ba komai, wai gashinka ne mai taurin kai. Wannan maganar sai bayan wata da yawa na gane ma'anarta.

Satin farko akwai wuya, kar wanda ya ruɗe ku. Kwana ake a kishingiɗe da matashin wuya, ba juyi. Rana ta 3 goshina ya kumbura, kumburin ya gangaro har ido, da na kira gida ta bidiyo uwargida ta ganni sai ta fashe da kuka, tana cewa maigida me ka je ka yi wa kanka, da ƙyar na lallashe ta nace an faɗa min zai sauka, kuma ya sauka bayan kwana 3. Abin da ba wanda ya yi min bayaninsa tun farko shi ne sallah, an hana ka sunkuyar da kai na wasu kwanaki saboda kumburi da jini, ga gaban goshi duk dashe ne, to a zaune na yi ta yi da nuni, shafar kai a alwala ma sai da na kira malam ya faɗa min yadda zan yi. Duk Musulmin da zai je ya tambayi wannan tun yana gida. Hula kuma an ce kar ta taɓa wurin sai ɓawon ya gama zuba, wajen kwana 10 zuwa 14, irin zanna mai matse kai ma sun ce in ba ta wata guda. Na dawo Kano a lokacin hunturu, ƙura ko'ina, ga rana da aka ce in guje mata, sai na zama ɗan zaman ɗaka, shago ma ƙanina na bar wa. Ga ƙaiƙayi a ƙeya kamar ka sa wuƙa, kuma ba halin sosawa.

Sati na 3 gashin da aka dasa ya fara zubewa, kafin wata 2 kusan duka ya tafi, har da wani ɓangare na nawa na asali da ke kusa da wurin. Wannan an faɗa min zai faru, saiwar tana nan a ciki, amma sani daban gani a madubi daban. Na fi yadda na tafi muni, ga jan fata, ga ƙuraje masu mugunya suna fitowa jefi-jefi, ga tsakiyar kai kamar ba a jikina take ba, in na taɓa ba na ji, wannan ya kai wata 4 kafin ya dawo daidai. A wannan lokacin na shiga damuwa sosai, ina tashi da dare ina haska kaina da fitilar waya. Inna da ta zo duba ni tace ɗan nan ka yi haƙuri, abin da aka shuka ba ranar yake fitowa ba, ta yi min addu'a ta tafi. Wata na 4 ya fara tsirowa siriri-siriri, wata na 7 mutane suka fara lura, zuwa wata 12 gaba ta cika. Kuma tsakani da Allah gaban ya yi kyau. Layin goshin bai yi ƙasa da yawa ba, bai yi kamar an ja da rula ba, kuma gashinmu da yake a murɗe yake yana rufe fata fiye da na Turawa, ko bai kai yawan nasu ba sai ya ba da cika. Ranar da na fara fita ba hula na ji wani sanyi a raina da na yi shekara 7 ban ji ba, wannan ba zan ɓoye shi ba don ina jin haushin wani abu daban.

Mai askina ne ya fara gano matsalar. Na ce ya yi min irin askin da na saba, a kwashe gefe da baya sosai, yana cikin yi sai ya kashe kilifa yace Alhaji ka ga bayan nan kuwa? Ya ɗauka da waya ya nuna min. Ƙeyata ta koma kamar gonar da fara ta bi, wani wurin da gashi wani wurin fili, ga ɗigo-ɗigon farin tabo birjik, kuma a baƙar fata farin tabo ba ya ɓuya. A gefen dama can ƙasa akwai wasu ƙuraje masu tauri guda huɗu da suka ƙi tafiya. Jikina ya yi sanyi ranar.

Na je wajen wata likitar fata a nan gida, ita ce ta zaunar da ni ta yi min bayanin da ya kamata a yi min kafin a taɓa kaina. Tace gashinmu ba a waje kawai yake murɗewa ba, saiwar ma a cikin fata a lanƙwashe take kamar ƙugiya, to in aka sa miƙaƙƙen ƙarfe irin wanda ake yi wa mai miƙaƙƙen gashi sai ya datse saiwar biyu, wadda aka datse kuma sau da yawa ta lalace, mai aikin sai ya ƙara huda wani wurin don ya cika adadin da aka yi alkawari. Ma'anar taurin kan da aka ce gashina na da shi kenan. Tace kuma mu yawan gashinmu a kowane santimita bai kai na Turawa ba, don haka 4,500 a zama ɗaya ya yi wa ƙeyata yawa. Sannan ta faɗi maganar da har yau take min yawo a kai, cewa duk saiwar da aka cire daga ƙeya ta tafi kenan, ba ta sake fitowa a wurin, dashe ba ya ƙara maka gashi ko ɗaya, kwasowa yake daga baya ya kai gaba, kuma abin da mutum zai iya bayarwa a duk rayuwarsa bai cika wuce 6,000 zuwa 8,000 ba ko ga mai cikakkiyar ƙeya. Ni an cinye min mafi yawan nawa a yini ɗaya. Ƙurajen nan masu tauri kuma tace irin waɗanda ke fitowa maza baƙaƙe a ƙeya ne suna zama tabo mai tudu, da an duba ni da kyau an tambaye ni da an san jikina na da wannan halin, yanzu allura take min a wurin duk wata kuma sun fara kwanciya Alhamdulillah.

Nadama ta biyu ita ce ta fi ta farko nauyi. Sanƙo bai tsaya ba don an yi dashe. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne a jikin namiji da ake kira DHT, yana sa saiwar gashin gaba da tsakiya ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu, na ƙeya da gefe kuma galibi bai cika damunsu ba, kuma ko an canza musu wuri suna tafiya da halinsu, wannan shi ne abin da wani likita a New York, Norman Orentreich, ya wallafa tun 1959 kuma a kansa aka gina sana'ar gaba ɗaya. To wanda aka dasa min yana nan daram, amma nawa na asali da ke bayansa yana ci gaba da tafiya, yanzu haka tsakiyar kaina ta fi lokacin da na je haske, in abin ya ci gaba zan zama mai gashi a gaba da fili a tsakiya, kuma ƙeyar da za a ɗebo a cike ta ƙare. Ko Wayne Rooney, tsohon ɗan ƙwallon Ingila, da ya yi nasa a Landan a 2011 yana shekara 25, da duk kuɗinsa, sai da ya koma aka ƙara masa bayan shekara 2.

Maganin da ke riƙe sauran gashin guda biyu ne aka fi sani, minoxidil na shafawa da finasteride na sha, miligiram 1 kullum, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don sanƙo tun 1997. Duka biyun in ka daina, abin da suka riƙe maka zai zube cikin watanni. A asibitin can a cikin leda aka sa min su tare da shamfu kamar tsaraba, ba wanda yace min ga illarsa. Likitar nan ce ta faɗa min finasteride na iya rage wa wasu maza sha'awa ko ƙarfin gaba, kaɗan ne abin ke samu kuma yawanci yana wucewa in an daina, amma akwai waɗanda suka ce nasu bai wuce ba, yana iya taɓa yanayin zuciya ma, kuma mace mai ciki ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayar saboda jaririn in namiji ne. Na zauna da uwargida muka yi maganar a fili, tace ita dai lafiyata ta fi mata gashi, muna kuma neman ƙarin haihuwa, sai na tsaya a kan minoxidil kaɗai. Wani zai zaɓi ya sha kuma ya zauna lafiya, ina da aboki da ke sha shekara 3 ba abin da ya same shi. Abin da ke min ciwo shi ne wannan shawarar kafin aiki ya kamata in yanke ta, don da na san ba zan sha ba da ban yarda an zuba duk abin da nake da shi a gaba ba.

Kulawar bayan aiki kuwa nan suka fi faɗuwa a wajena. Watan farko kullum sai sun tambayi hoto, suna turo min saƙon ƙarfafa gwiwa. Da na tura hoton ƙeya nace ga abin da likita tace, sai amsa ta koma bayan kwana 4, bayan sati, wai in ƙara haƙuri zai cike. Da na matsa sai aka ce takardar garanti da aka ba ni ta shafi gashin da aka dasa ne kawai, in ina so in zo a duba ni kyauta amma tikiti da otal nawa. Wadda nake magana da ita ma daga baya aka ce ta bar aiki, aka haɗa ni da wani sabo da ya fara tambayata sunana. Kana Kano suna Istanbul, wa za ka kai wa ƙara?

Kar kuma a ce na ce kowa haka yake ƙarewa. Abokin nan nawa mai shan magani a Turkiyyar shi ma ya yi, ya biya kusan ninki biyu na nawa, likitan da kansa ya yi hudar, mutum ɗaya suke yi a rana, giraft 2,400 kawai aka cire masa aka ce a bar saura don gaba, yau in ya yi aski ba za ka ce an taɓa ƙeyarsa ba, kuma ya fi ni farin ciki nesa ba kusa ba. Ni arha da babban adadi suka ja ni, na ɗauka 4,500 ta fi 2,400.

Wanda duk ya ƙudura sai ya je, dan Allah ya fara ganin likitan fata a gida tukunna, don ba kowane zubewar gashi ne sanƙon gado ba, akwai na makero, akwai na ciwon fata da in aka dasa a kansa ma ba zai kama ba. In kana da ciwon suga ko hawan jini ko kana shan sigari ka faɗa musu gaskiya, domin fatar kai na iya ruɓewa in jini bai isa wurin ba, kuma allurar kashe zafin da ake haɗawa da adirenalin tana taɓa bugun zuciya, tiyata ce ba aski ba. In shekarunka ba su kai 25 zuwa 30 ba ka dakata ka ga inda sanƙon zai tsaya. Ka sa su rubuta maka sunan wanda zai riƙe ƙarfen da hannunsa, da mutum nawa yake yi a rana, kuma ka ce a nuna maka bidiyon ƙeyar baƙin mutum irinka bayan shekara da aiki, an aske ta ƙasa, cikin hasken rana. In suka fara kewaye-kewaye a kan wannan ka riƙe kuɗinka.

Ni yanzu askin da nake yi lamba 2 ne a baya, in ya kai haka tabon ba ya fitowa sosai, tal-kwabo da kwashe gefe kuwa na yi sallama da su. Likitar tace akwai wani zanen ɗigo-ɗigo da ake yi da tawada a fatar kai don ya rufe farin tabo, amma sai ƙurajen sun gama kwanciya za mu yi maganarsa, kuma shi ma sai na koma wajen malam na ji hukuncinsa tunda ya yi kama da zanen jiki. Allura ta gaba ranar Talata ce.